Yadda gara ke shiga gini da yadda ake tare mata hanya

Akwai firem ɗin ƙofar da za ka gani da fentinsa sumul, ba tabo ba tsaga, amma kana danna shi da babban yatsa sai ya lotsa. Ka ɓantare wurin, sai ka tarar ciki ya zama kogo, an cushe shi da busasshiyar ƙasa, abin da ya saura na katakon 'yan siraran falle-falle ne. An cinye ciki tas, an bar fatar waje da fentinta. Duk wanda ya gane dalilin da ya sa aka bar wannan fatar, to ya kama bakin zaren yadda ake kare gini daga gara.

Jikin gara taushi gare shi, kuma ruwan jikinta na saurin ƙafewa idan busasshiyar iska ta buge ta. Ga tururuwa da cinnaka da tsuntsaye suna jiranta a fili. Shi ya sa irin da ke addabar gine-gine ba ta yawo a sarari in ba dole ba. Idan za ta hau bango, sai ta kwaɓa ƙasa da yawu da kashinta ta gina rufaffiyar hanya, ta riƙa bi ta ciki. Idan ta shiga katako, sai ta ƙyale bayan ya riƙe mata danshi da duhu. Gini kuwa, yadda akasari ake yin sa, cike yake da maɓoya: ramukan cikin bulo, bayan filasta, ƙarƙashin tayil, gefen bututun ruwa, cikin silin. A ganina an fi zuba kuɗi wajen neman maganin da zai kashe gara, alhali babbar kariya tana wajen tsara ginin ta yadda ba za ta kai ga katako ba sai ta bi ta inda ido zai gan ta.

Masana sun ƙidaya nau'in gara kimanin 3,000 a duniya, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna cewa 'yar dangin kyankyaso ce, duk da kamar da take yi da tururuwa. Mafi yawansu ba ruwansu da gidan kowa, suna daji suna narkar da matattun itatuwa da ganyaye, suna huda ƙasa ruwan sama na samun hanyar shiga. 'Yan kaɗan ne ke taɓa gini, amma ɓarnar tasu ba ta wasa ba ce. Wani ƙiyasi da masana ƙwari suka yi a 2012 ya kai abin da gara ke jawo wa duniya wajen dala biliyan 40 a shekara, idan an haɗa kuɗin magani da na gyara. A Amurka ma inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar gara, domin ana ɗaukar ta a matsayin abin da mai gida zai iya hanawa da ya kula.

Garar da ta fi ɓarna ita ce wadda gidanta yake a ƙarƙashin ƙasa. A can ne sarauniya take da sarkinta, ga sojoji masu manyan kawuna, ga ma'aikata farare da ba su da idanu. Ma'aikatan su ne masu ci, su ne kuma ke ciyar da kowa baki da baki, har sarauniyar. A cikin nau'in Macrotermes, mai gina manyan suri a Afirka da Asiya, sarauniya ɗaya na iya saka ƙwai wajen 20,000 a rana, ta kuma rayu shekara 20. To ka ga wanda ya fesa magani ya kashe 'yan ɗaruruwan da ya gani a jikin ƙofa bai rage komai ba, kafin gari ya waye an haifi ninkinsu. Gidan nasu kuma ba lallai ya kasance a cikin filin ginin ba, yana iya kasancewa da nisan mita 50 ko fiye, a gindin wata bishiya ko ƙarƙashin katangar maƙwabci. Rashin ganin suri ma ba hujja ba ce, da yawa daga cikin masu ɓarnar ba sa gina komai a saman ƙasa.

Abincinta selulos ne, wato zaren da ke jikin duk wani tsiro. Don haka katako, takarda, kwali, tufafin auduga, allon silin da ciyawar rufi duk abu ɗaya ne a wurinta. Siminti ba abincinta ba ne, amma tsaguwar da ba ta kai milimita ɗaya ba ta ishe ta wucewa, kuma tana huda soso da roba mai taushi da rigar wayar lantarki idan sun tare mata hanya. Masu cewa gidansu na bulo da kankare ne saboda haka sun tsira, su ɗaga kai su dubi abin da ke riƙe da kwanon rufinsu.

Maganar kariya tana farawa tun kafin a aza bulo na farko, kuma a nan ne aka fi yin sakaci domin babu wanda ke kallo. An sare bishiya an bar kututture da saiwoyinsa a ƙasa, an yi gini a kai. Ranar ciko, leburori sun kwashe guntayen katako da buhunan siminti na takarda da kwalaye sun watsa cikin fandisho, an bi da ƙasa an rufe, wai an rage shara. Allunan da aka tare kankare da su, waɗanda suka maƙale aka ƙyale su a binne. Turakun awo da aka kafa don daidaita daɓe, aka zuba kankare a kansu ba a zare ba. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni takaici, domin turke ɗaya da ya ratsa daɓe hanya ce miƙaƙƙiya daga ƙasa zuwa tsakiyar ɗaki, kuma hanyar da kanta abinci ce. Gara za ta cinye shi ta bar rami, ramin kuma yana ƙarƙashin tayil inda ba mai gani. Hana wannan bai buƙatar kayan aiki, mutum ɗaya ne mai ido zai tsaya a wurin ranar ciko da ranar zuba daɓe.

Shi kansa daɓen kankare, idan an yi shi da kyau, katanga ce mai ƙarfi. Kyau a nan yana nufin an danne cikon sosai don kada ya zauna daga baya, an sa rodi yadda ya kamata, an girgiza kankaren iska ta fita, an kuma yi masa ban-ruwa na kwanaki don kada ya tsattsage. Rauninsa yana wurare sanannu: inda bututun ruwa ko na waya ya ratsa shi, inda tsohon zubi ya haɗu da sabo, da inda daɓe ya haɗu da bango. Kankare yana ɗan tsukewa idan ya bushe, sai ya bar siririn gibi zagaye da bututu, gibin da ido bai cika kula da shi ba amma ya wadatar da gara. Saboda irin waɗannan wurare ne aka ƙirƙiro shingayen da ba na guba ba. A Ostareliya ana amfani da wata raga ta ƙarfe marar tsatsa mai 'yan mitsitsin idanu, ana ɗaure ta zagaye da bututu da kuma cikin bango. A Hawai an yi amfani da niƙaƙƙen dutse da aka tace, girman ƙwayarsa wajen milimita 2, ya fi ƙarfin bakin gara ta ɗauka, kuma tsakanin ƙwayoyin ya yi mata ƙanƙanta ta kutsa. Akwai kuma farantin ƙarfe da ake kifawa a kan ginshiƙi kafin a ɗora katako.

Abin lura shi ne babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kashe gara. Aikinsu su toshe ɓoyayyiyar hanya, ta yadda in ta nace sai ta shiga, dole ta gina hanyarta ta waje. Ƙa'idar gini ta Ostareliya, AS 3660, ta fito da wannan tunani ƙarara. Ɗaya daga cikin hanyoyin da ta amince da su ita ce a bar gefen daɓe a buɗe, aƙalla milimita 75 daga doron ƙasa zuwa sama, zagaye da gida, ba filasta ba komai, don duk hanyar da gara ta gina a kai ta fito ɓaro-ɓaro. Ɗan zirin kankare ne da bai kai faɗin tafin hannu ba, amma yana aikin da jarkoki na magani ba za su yi ba, muddin akwai mai dubawa.

Sai dai abin da magini ya gyara, mai gida kan ɓata shi bayan an tare. A tara ƙasa a jikin bango a shuka furanni, ana ba su ruwa safe da yamma. A ƙara baranda ko ɗaki a jingina da tsohon gini, mahaɗar ta zama ƙofa. A shimfiɗa duwatsun tsakar gida har su haura tsayin daɓen ciki. A jingine itacen girki ko ragowar katako a bayan ɗaki shekara da shekaru. Kowanne daga cikinsu gada ce da ke tsallakar da gara kan duk kariyar da aka yi a ƙasa.

Ruwa shi ne rabin matsalar. Gara ta ƙasa ba ta daɗewa inda ya bushe, kuma duk inda laima ta zauna a gindin bango to an yi mata shimfiɗa. Ƙa'idar gidajen zama da ake bi a mafi yawan Amurka ta ce ƙasa ta gangara daga jikin gini da kimanin santimita 15 a cikin mita 3 na farko. Indararo ya zubar da ruwa nesa da fandisho. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki a ja shi da bututu zuwa kwata, domin ɗigon nan da ake rainawa yana jiƙa wuri ɗaya wata da watanni, har a lokacin da ko'ina ya bushe. Famfon da ke yoyo a cikin bango da banɗakin da ruwa ke bi ta ƙarƙashin tayil su ne wuraren da masu duba gara ke fara nufa. Yoyon rufi ma ba abin sakaci ba ne. Nau'in Coptotermes, wanda ya addabi birnin New Orleans da biranen kudu maso gabashin Asiya, yana iya kafa gida a saman bene ba tare da ya koma ƙasa ba, in dai akwai ruwan da ke jiƙa katako.

Shi kuwa katako, doka ta farko ita ce kada ya taɓa ƙasa. A ba shi tazarar santimita 15 ko fiye, a ɗora ginshiƙi a kan dandamalin kankare ko takalmin ƙarfe, kada a binne ƙafar firem a cikin daɓe. Akwai itatuwan da gara ba ta cika so ba, irin su tik da loko, amma ƙarfin nasu a tsakiyar itacen yake, ɓangaren nan mai duhu da ya ƙosa. Farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo, ko na wace bishiya ne, abinci ne. Don haka sunan itace kaɗai bai isa a saki jiki ba, sai an dubi abin da aka yanko.

Akwai kuma bambanci babba tsakanin katakon da aka shafa wa magani da burushi da wanda aka ɗura wa magani a tukunyar matsi. Na burushi 'yan milimitoci kawai yake shiga, da katakon ya tsage ko kafinta ya yanke shi, ga ɗanyen ciki nan a buɗe. Na matsi yana shiga can ciki, galibi da sinadarai masu tagulla. Irinsu na da, CCA, yana ɗauke da gubar arsanik, shi ya sa aka daina amfani da shi a yawancin ayyukan gidajen zama a Amurka daga ƙarshen 2003, kuma ba a ƙona ragowarsa domin hayaƙin da tokar duk guba ne. Gishirin boron yana da sauƙin illa ga mutane, yana kuma aiki sosai a katakon rufi da na cikin ɗaki, amma ruwa na wanke shi, bai dace da waje ba. Ko wane iri aka yi amfani da shi, duk inda zarto ya bi a sake shafa magani a bakin yankan. Baƙin man inji da wasu ke shafawa kuwa a sama yake tsayawa, yana ƙazantar da ƙasa, yana ƙara wa katakon saurin kama wuta, kuma gara na ratsawa ta tsaga ta ci abin da ke ciki.

Sai maganin da ake zubawa a ƙasa, wanda mutane da yawa ke ɗauka shi ne duka maganar. Shekaru da dama an dogara da aldrin da dieldrin da heptachlor da chlordane, saboda zubi ɗaya na iya kai shekaru da yawa yana aiki. Daɗewar nan ita ce ta zama aibinsu: ba sa ruɓewa, suna taruwa a kitsen jikin mutum da dabba, suna shiga nonon uwa. Amurka ta haramta chlordane a 1988, sannan Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa su huɗun a jerin gubobi 12 na farko da duniya ta amince a kawar. Duk wanda aka kawo wa wani ruwa a kwalba marar takarda aka ce masa wannan mai ƙarfi ne irin na da, ya yi hattara, musamman in akwai rijiya a kusa. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Magungunan yanzu kashi biyu ne, kuma sanin bambancinsu na da amfani. Akwai masu kora, irin su bifenthrin da permethrin. Gara na jin su ta kauce, sai ta yi ta bin gefe tana lalube har ta sami inda maganin bai kai ba. Gibin da bai fi faɗin yatsa ba ya isa ya rushe aikin duka. Akwai kuma waɗanda ba ta jin su, irin su fipronil da imidacloprid. Tana ratsa ƙasar da aka jiƙa ba tare da ta sani ba, ta kwashi gubar a jikinta, ta kai wa 'yan uwanta ta hanyar lasar juna da ciyarwa kafin ta mutu. Waɗannan sun fi yafe ƙaramin kuskure wajen zubi, amma suna da mummunar illa ga ƙudan zuma, fipronil kuma har da kifi da sauran halittun ruwa, don haka ba a barin su su bi kwata.

Kowane iri ne, lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan an gama ciko, dab da shimfiɗa leda da zuba daɓe, sannan a sake bin zagayen fandisho bayan an gama gyaran fili. Ba a zubawa a ƙasar da ta sha ruwa ta ƙoshi ko ana shirin ruwan sama. Awon da ke jikin takardar magani ba shawara ba ce, kuma a nan ne ake yawan cutar masu gini: a tsinka maganin da ruwa fiye da ƙima, a yayyafa a sama-sama, wari ya tashi, kowa ya tafi da zaton an yi aiki. Sannan magani yana da wa'adi. A Amurka abin da hukuma ke nema kafin ta yi wa irin wannan magani rajista shi ne a nuna yana kare gini na shekara 5. Gida kuwa ana gina shi ne don jikoki.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce ta tarkon abinci, domin ta juya ɗabi'ar gara ta zama makami a kanta. Gara kan yi saɓa, ta tuɓe tsohuwar fata ta yi sabuwa. Sinadarai irin su hexaflumuron suna hana sabuwar fatar ƙulluwa. Sai a haɗa su da abincin da take so, a binne a 'yan robobi zagaye da gida. Ma'aikata su ci, su kai gida su rarraba, babu wanda ke mutuwa nan take balle sauran su tsargu, sai lokacin saɓa ya zo su yi ta mutuwa. Idan ma'aikata suka ƙare, sarauniya da sojoji yunwa ce ke gamawa da su. Nan-Yao Su na Jami'ar Florida na cikin waɗanda suka kafa wannan hanya, ta shiga kasuwa a 1995 da sunan Sentricon, kuma da ita aka raba harabar mutum-mutumin 'yanci na New York da gara. Tana buƙatar haƙuri na watanni da mai zagayowa yana dubawa. Kuma ba ta cika aiki da sauri a kan irin su Macrotermes ba, waɗanda ke kai abin da suka samo gonar funfunar da suke nomawa a cikin suri kafin su ci. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a fara tantance nau'in da ake fama da shi kafin a sayi komai.

Idan kuma an riga an ga alama, abin da hannu ke fara yi shi ne kankare ginin garar da fesa maganin sauro ko zuba kananzir. Wannan yana kashe na gaba-gaba, sauran su janye su ɓullo ta wani wurin da ba a sani ba, an kuma goge wa mai magani sawun da zai bi. Gara ba ta rushe gida a mako guda, akwai lokacin yin tunani. A ɓalle ɗan guntu daga hanyar, a dawo bayan 'yan kwanaki, in an tarar an like wurin to suna nan. A bi hanyar zuwa inda ta fito daga ƙasa, a nemi ruwan da ke jiƙa wurin. Wanda za a kira kuma a tambaye shi sunan sinadarin, da awon da zai haɗa, da inda zai huda, da ranar da zai dawo dubawa. Katakon da ke ɗauke da nauyi, irin na rufi, injiniya ko ƙwararren kafinta ne zai faɗi ko zai ci gaba da riƙewa, kashe garar ba ya mayar da abin da ta ci.

Gara ta busasshen katako lissafinta daban ne. Ba ta buƙatar ƙasa, a cikin kujera ko kabad ko rafta take rayuwarta duka, sau da yawa ma a cikin kayan da aka sayo take shigowa gida. Alamarta 'yan tsirarun ƙwayoyi ne masu kama da yashi da ke taruwa a ƙarƙashin katako, ka share yau gobe ka tarar da wasu. Maganin ƙasa ba ya taɓa ta. Ko dai a cire katakon, ko a huda a ɗura magani, ko a gasa shi har zafin cikinsa ya kai kimanin digiri 50 na sama da rabin awa, ko kuma, in ta bazu, a lulluɓe gidan duka da tamfol a sa hayaƙin guba, aikin da ƙwararru masu lasisi kaɗai ke yi.

Shinge, wato gara mai fiffike, da ke fitowa bayan ruwan sama su ne sababbin sarakuna da sarauniyoyi masu neman wurin kafa gida. Waɗanda suka zo daga waje suna zagaya fitila ba abin tayar da hankali ba ne, kusan dukansu mutuwa suke yi. Amma idan daga cikin bango ko silin suka fito, ko aka wayi gari da tarin fukafukai a dandamalin taga alhali tagar a rufe ta kwana, to akwai gidan da ya riga ya girma a jikin ginin. Ana bambanta su da tururuwa masu fiffike da abu uku: fukafukansu huɗu tsawonsu ɗaya, ƙugunsu bai tsuke ba, kuma gashin kansu a miƙe yake.

Dubawar kanta ba ta buƙatar fiye da tocila da sukudireba, aƙalla sau ɗaya a shekara, sau biyu a inda gara ta yi yawa. A zagaya gindin bango ta waje, a janye kabad daga jikin bango, a leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, a ƙwanƙwasa firem da katakon gindin bango a saurari wanda zai yi amon kogo, a hau cikin silin a haska rafta ɗaya bayan ɗaya. Mai sayen tsohon gida ya fi kowa buƙatar wannan, kuma sabon fenti a ƙafar ƙofa kaɗai abin tambaya ne. Faransa ta mayar da shi doka tun 1999: wanda ya ga gara a gininsa sai ya sanar da hukumar garinsu, kuma a yankunan da aka ayyana ba a sayar da gida sai da takardar binciken gara da ba ta wuce wata 6 ba.

Duk aikin da aka yi kuma a rubuta shi. Wane magani, wace rana, ta ina aka bi, yaushe wa'adinsa zai cika. A Ostareliya ana manna irin wannan bayani a cikin akwatin mitar wuta, inda duk wanda ya gaji gidan zai gani. Amfaninsa yana fitowa ranar da mai gyaran famfo ya haƙa rami a gindin bango don canza bututu, ya mayar da sabuwar ƙasa ya tafi. Da takarda a hannu, mai gida zai san cewa an yanke shingen a daidai wurin, ya sa a sake jiƙa shi da magani kafin a rufe.